Kada Ka Zuba Ruwa a Bakin Ƙofa

Hadayek el-Ma'adi, Alƙahira

Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da shirin tafiya, ina gaida matarka Nafisa da nauyin da take ɗauke da shi. Allah Ya kai ku Kanada lafiya, Ya tsare gabanku da bayanku, Ya sauke ta cikin sauƙi.

Na san dariya za ka yi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naku, me ya kawo wasiƙa? Abin da ya kawo ta shi ne halinka. Duk lokacin da na fara magana sai ka ce, "Tamam Umma, khalas, shi ke nan, na gane," idonka na kan waya. Ni kuma kwanakin nan muryata rawa take yi, ba na son surukata ta ji. Takarda ba ka isa ka ce mata khalas ba. Ka karanta ta yanzu, ka sa ta a aljihun rigar sanyin da muka saya a kasuwar Ataba, ka sake buɗe ta ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Da Kawunka Sani ya kira ya ce bayansa ya gaza, ba zai ƙara iya hunturu da shebur a hannu ba, ka zo ka karɓi kula da gidajen hayarsa biyu, ku zauna a saman ɗaya, kai "gidaje biyu" ka ji. Ni "shebur" na ji. Tsoro nake ji, Auta, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Ina tsoron wani ya zame ya faɗi a bakin ƙofar da aka ba ka amana, kuma wadda nake gani a idon zuciyata tana faɗuwa Nafisa ce. Na duba hoton gidan da kawunka ya turo har na haddace shi. Matattakalar a waje take, ba rufi a kanta, ƙarfen dafawa gefe ɗaya kawai. Cikin yarinyar nan zai tsufa ne a tsakiyar sanyi, lokacin da ko yatsun ƙafarta ba za ta iya hangowa ba.

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Wadda na sani ita ce ta jikin firiza, da nake kankarewa da cokali kana min faɗa zan huda shi. Amma gidan haya na san shi. Tun da mahaifinku ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ni nake riƙe da wannan gida da ya kama haya a hannun Bamisire muke saukar da mutane. Ɗalibai daga Kano da Sakkwato, 'yan kasuwar Maradi da Damagaram, marasa lafiya da suka zo ganin likita, duk sun kwana a ƙarƙashin hannuna. Ba wayo ne ya koya min aikin ba, kurakurai ne. Wasu ka san su, wasu kana Kano wurin kakarka aka yi su. Abin da ban sani ba game da ƙasar can kuwa na matsa wa kawunka da tambaya har ya fara ƙin ɗaukar wayata.

Da muka zo Masar cewa aka yi mana ƙasar nan ba a ruwan sama, ni kuma na hau na zauna. Saman bene ya zama ma'ajiyata. Kwalayen kayan Ataba, tsohuwar katifa, karyayyun kujeru, duk can nake turawa. Ammu Ragab, mai gadin gidan nan da ka taso ka gani, ya same ni wata rana ya ce, "Ya Hajja, shita na tafe, sanyi da ruwa. A kwashe kayan nan a buɗe magudanar sama." Na ce masa bukra, gobe. Ya sake faɗa, na sake cewa bukra, har da dariya, wai na iya Larabci. Ranar da ruwan ya zo kuwa, takardun kwali da gashin tattabaru sun toshe magudanar, saman bene ya koma tafki, ruwa ya ratso rufin ɗakin sama ya sauka kan littattafan ɗalibai. Na fita neman mai gyaran famfo, ashe duk Alƙahira shi take nema a ranar. Na dawo na tarar da yaran mutane suna shanya littattafan da iyayensu suka sayar da dabbobi suka saya musu, ba wanda ya ce min uffan. Da sun zage ni da ya fi min sauƙi.

Saboda haka kada ka jira ƙanƙara ta sauka sannan ka fara neman mai motar da ke ture ta. Kawunka ya ce tun ganye na kan bishiya ake gama magana da su, wanda ya makara sai ya ji an ce layi ya cika. In kun zauna, ka tambaye shi kamar yadda nake tambayar dillalan Ataba, ba sauri, ba jin nauyi. In ta sauka da sassafe, kafin mutane su fita aiki zai zo ko sai rana ta ɗaga? Filin ajiye motoci kawai zai ture, ko har da matattakala da hanyar ƙafa ta gaban gida? Shi zai watsa gishiri ko kai? In motarsa ta lalace wa zai turo? Abin da bai ce zai yi ba, ka ɗauka naka ne. Ka sayi gishiri da yashi tun da wuri. Kowane gida da sheburinsa, kada ka raba ɗaya tsakanin gida biyu don tsimi, na san ka. Kuma ka ajiye shi daga cikin ƙofa, ba a ɗakin ajiya na bayan gida ba, inda sai ka haƙa hanya kafin ka kai ga abin haƙawar. Sannan ka ɗaga kai ka dubi indararo, ka ga inda yake ɗiga. In a kan matattakala yake zubarwa, a karkatar da shi kafin sanyi ya shigo.

Wani kuskuren nawa kunya ce ta jawo shi. Akwai shekarar da gidan ya cika da ɗalibai, na tara su na ce, "Ku riƙa kula da matattakala, ku share, in fitila ta mutu ku faɗa." Duk suka ce in sha Allahu. Na hawa na biyu ya ɗauka na ukun zai yi, na ukun ya ɗauka aikin Ammu Ragab ne, Ammu Ragab kuma ya ji na ba ɗalibai sai ya naɗe hannu. Da na ga haka sai na keɓe ɗaya daga ciki, wani mai natsuwa, mahaddacin Alƙur'ani, na ce shi zai riƙa yi. Ya yi na ɗan lokaci. Jarrabawa na zuwa ya shige ɗaki da littafi, ni kuma nauyinsa ya hana ni ƙwanƙwasa masa ƙofa in ce malam ina tsintsiya. Fitilar hawa na biyu ta daɗe a mace, mutane na lalube da hasken waya, ina ji ina gani. Allah ne kawai Ya tsare ba wanda ya gangaro a lokacin.

Kawunka ya ce a can ma wasu masu gida kan bar wa ɗan haya kwashe ƙanƙara. In za ka yi haka, ka kira mutum ɗaya da sunansa, ka nuna masa daga ina zuwa ina, a sa a cikin yarjejeniyar haya, kuma ka tambayi wanda ya san dokar garin ko hakan ya halatta, don ya ce min in mutum ya faɗi ƙofar mai gida ake fara bugawa. Ko an rubuta, ka taka da ƙafarka ka je ka gani. Mutum na iya yin zazzaɓi, na iya tafiya, na iya makara. Kada ka ji nauyin kowa a kan wannan, ko ya girme ka, ko gemunsa ya kai ƙirji. Gara a ce ɗan Hajiya ya cika naci. Kuma ƙanƙara ba ruwanta da Juma'a, ba ruwanta da Sallah, ba ruwanta da kana azumi. In za ka yi nisa da gari, kada ka tafi sai ka damƙa aikin a hannun wani da ka ji amsarsa da kunnenka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ranar da muke cin tuwo, Nafisa ta ce tana jin tsoron santsi, ka tuna abin da ka ce mata? Ka ce, "Haba, ƙanƙara ai ruwa ce. A tafasa ruwa a butar shayi a kwara mata, yalla, nan take ta narke." Kuka yi dariya ku biyu. Da na idar da salla na kira kawunka na maimaita masa, sai da ya yi salati. Ya ce, "Ki gaya wa yaron nan kada ya kashe min mutane! Ruwan zafi zai narkar da ita, gaskiya ne. Kafin ya mayar da butar kicin ruwan ya sake daskarewa, kuma wannan karon ba fara ba ce da ido zai gani. Garau take kamar gilashi, sai dai mutum ya ji shi a ƙasa."

Ban ga laifinka ba, don ni na san inda ka samo wannan tunani. A hannuna ka same shi. Mu mutanen ruwa ne a bakin ƙofa. Innata a Kano ba ta fara shara sai ta yayyafa ruwa. Da na zo nan na tarar Misirawa sun fi mu, kowane mai shago da tiyonsa yana wanke gaban shagonsa da safe. Sai na ji na zo gida. Kullum bayan asuba bokiti na hannuna, daga hawa na sama har bakin titi, kuma ina alfahari da cewa duk layin nan ba matattakalar da ta kai tawa sheƙi. Da zafi, kafin in ajiye bokitin ta bushe. Abin da ban tsaya na lura da shi ba, da sanyi rana ba ta leƙa cikin benen nan, dutsen kuma mai sulɓi ne, sai ya wuni da danshi.

Ka san labarin Malam Habu, amma a gajarce ka san shi. Dattijo ne daga Maradi, ya sauka a hawa na farko, ya zo a yi masa aikin ido. Ya daɗe ba ya gani sai inuwa-inuwa. Aka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a, aka cire bandeji, mutumin nan ya koma kamar yaro. Komai sai ya tsaya ya kalla, har kyanwar Ammu Ragab sai da ya yaba launinta. Jirginsa na cikin makon. Da safen nan ya ce shi da kansa zai sauka ya sayo burodi, ba mai riƙe masa hannu. Ni kuma na gama wankina ke nan, na shiga ɗora shayi. Daga kicin na ji ƙarar. Har yau in tukunya ta faɗi a gidan maƙwabta sai gabana ya yanke.

Ƙashin ƙugunsa ne ya karye. Mutumin da ya zo Masar da ƙafafunsa don ya samu ido, ya koma gida da ido a kan keken guragu. Na je asibiti na durƙusa gefen gadonsa. Shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce, "Hajiya, babu komi, abin da Allah Ya rubuta ne. Idon ga sabo ne. Na hangi matattakalar tana walƙiya, sai na ji daɗi, na ce kai, matar ga akwai tsabta. Ina cikin kallo ne na taka."

Ba wanda ya kai ni ƙara, ba wanda ya ɗaga min murya. 'Yarsa ma har da yi min godiya ranar da za su tafi. A Kanada ba haka za a yi maka ba, kawunka ya ce lauya da kamfanin inshora ne za su yi magana. Amma ba kotu nake jiye maka ba, Auta. Ina jiye maka ka ji irin wannan ƙara daga cikin gida, ka fito da gudu, ka tarar wadda ke kwance taka ce.

Bayan abin nan na koma goge matattakalar ciki da tsumma har ta bushe. Amma bakin ƙofa na waje ban fasa wankewa ba, na ce ai nan rana na bugawa. Kuma ni ce na koya maka, tun kana ƙarami, in ka gama alwala a dakalin ƙofa ka watsar da ragowar ruwan buta a nan, kada ka shigo min da shi ɗaki. Ruwan ɗauraye kofin shayi, bakin ƙofa. Ruwan wanke hannu, bakin ƙofa. Ragowar ruwan gora in ka dawo daga unguwar Mohandessin, bakin ƙofa. Hannunka ya riga kanka sanin wannan, ba tunani kake yi ba kafin ka watsa. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don abin da mutum ya karanta a takarda yana iya kiyayewa, amma abin da hannu ya saba yakan yi shi ne kafin a tuna.

To ka saurare ni da kyau. Daga ranar da sanyi ya shiga har ya fita, ɗigon ruwa kada ya taɓa matattakalar nan ta hannunka, mai zafi ko mai sanyi. Duk ruwan da ka gama da shi, ka kai shi magudanar cikin gida. Kawunka ya ce cikin 'yan hayarsa akwai mutanenmu sababbin zuwa, masu irin hannunmu. Ka bi su ƙofa-ƙofa ka faɗa musu, har da matansu, don su ne masu ruwan goge ɗaki. In ka kwashe dusar, ka duba gangaren wurin, ka tara ta ta ƙasa, ba ta saman hanya ba, in ba haka ba rana na fitowa za ta narke ta malalo ta inda ake takawa, yamma na yi ta daskare. Saboda haka zagaye biyu ne, na safe kafin kowa ya fita, da na yamma in rana ta yi sanyi. Ka kwashe tukuna sannan ka watsa gishiri. In sanyi ya tsananta har gishiri ya daina ci, ka zuba yashi don ƙafa ta samu abin kamawa. Ka gwada ƙarfen dafawar nan da ƙarfinka, in yana motsi a ɗaure shi, a ƙara wani a ɗaya gefen. Kuma kada ka yarda da ido. In wuri yana sheƙi, ka goga takalminka a kai kafin ka bar wani ya bi.

Kai ma ka yi wa kanka a hankali da shebur ɗin. Ka riƙa turawa, kana ɗiba kaɗan-kaɗan, kana hutawa. Ciwon zuciya ne ya ɗauki mahaifinka, kai kuma ko buhun shinkafa ka hau da shi bene sai ka zauna kana haki kamar ka yi tseren doki.

Nafisa kuwa, duk ranar da za ta awo, kai za ka fara sauka. Ka taka kowace matattakala da ƙafarka, ka dawo ka riƙo ta. Ko kun makara, ko likita zai yi fushi, ko ta ce maka ba komai za ta iya. Za ta faɗa, don yarinya ce mai kawaici, ba ta son ɗora wa mutum wahala. Kada ka saurare ta. Iyayenta sun ba mu ita da ƙafafunta biyu, kuma ni ba na can balle in tsaya a bayanta.

Yau da safe ina tsaye a taga. Ka zauna a dakali ka yi alwala kamar kullum, ka miƙe, ka watsar da ragowar butar ba tare da ka ko kalli inda ya zuba ba, ka wuce. Ba a jima ba Nafisa ta fito da kwano za ta sayo wake wurin mai kura na kan kwana. Silifas ne a ƙafarta, hannu ɗaya na riƙe da ƙugu. Ta sa ƙafa daidai kan jiƙaƙƙen wurin nan, ta wuce abinta, har tana gaida Ammu Ragab. Ba abin da ya faru. Kafin ta dawo rana ta shanye ruwan. Amma ni sai da na dafa bango, don abin da na gani ba layinmu ba ne. Gidan cikin hoton nan na gani, da wannan ruwa, da wannan ƙafa.

Da na samu kaina na ɗauki bokitina kamar yadda na saba, na fito bakin ƙofa, na ɗaga shi zan kwara. Sai na tsaya. Na daɗe a tsaye da shi, sannan na juya na kai shi banɗaki na zubar. Ammu Ragab yana kan bencinsa yana kallona. Ya taso ya ce, "Ya Hajja, lafiya? Ba ki da lafiya ne? Kawo in wanke miki." Na ce, "Ma'alish ya Ammu, ba komai, bar shi haka. Ni na koya wa yaron nan, ni zan fara dainawa." Ya dube ni kamar na zautu, ya koma ya zauna.

Ba zan ce maka ka bar abin da ni ban iya bari ba. Ƙofar nan da nake wankewa tun kafin a haife ka, daga yau tsintsiya kawai za ta gani. Matan layi za su ce Hajiya ta tsufa, ƙazanta ta kama ta, su faɗa. Haka za ta zauna da ƙurarta har ranar da za ka kira ni ka ce ƙanƙara ta narke, Nafisa ta hau matattakalar nan da ƙafafunta, da jariri a hannu. Ranar zan ɗebo ruwa in wanke ta har bakin titi.

Allah Ya tsare min ku a sama da ƙasa. Ya tsare ƙafar duk wanda zai taka ƙofarka, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ɗan haya da mai kawo saƙo. Ya ba ka ƙarfin tashi a safiyar da bargo ya fi daɗi. Ya raba Nafisa da cikin nan lafiya, Ya nuna min abin da ta haifa. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Gobe da safe ina nan a taga, zan ga inda za ka kai ragowar butar.

Mahaifiyarka,
Umma